Daga Koma Zuwa Lailan: Tarihin Kayan Kamun Kifi a Ƙasarmu

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinmu idan an gama girbi sai mu rataye fartanya mu nufi bakin ruwa. A rangadinmu na ƙungiyoyin gama-kai da ke kewayen Dambatta, mun ga tsofaffin kayan su a rataye cikin zauruka, gizo-gizo ya yi musu saƙa. Ya kamata mu san tarihinsu, domin akwai darasi a ciki.

A zamanin kakanninmu ba a sayen kayan su daga nesa. Maƙeri ne yake ƙera ƙugiya. Masunci yakan murza zaren rama ko na auduga da hannunsa, ya saƙa koma. Mai fatsa yakan sa tana ko gara a ƙugiya, mai mamari kuwa ya jera ƙugiyoyi barjak a doguwar igiya don tarwaɗa. Ga sankiya, ga birgi, ga kuma gora wadda masunci yake kwanciya a kai yana yawo bisa ruwa, kamar yadda ake gani a bikin Argungu tun 1934. Saƙar koma aiki ce ta makonni, zaren kuma yana ruɓewa, saboda haka ba mai iya kwashe kifin tafki ƙaf. Sarkin ruwa ne kuma yake faɗin ranar da za a shiga.

A ƙasashen Turawa ma da hannu aka fara. A Amurka, James Heddon ya sassaƙa kwaɗon itace don yaudarar kifi, ya kafa kamfaninsa a 1902. A ƙasar Finlan, Lauri Rapala ya sassaƙa ɗan kifin ƙarya a 1936. Giwan ruwa tana cafkar irin wannan, gama ƙananan kifaye ne abincinta.

Abu biyu suka sauya al'amari a wajenmu. Na fari zaren lailan, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1935, ya cika kasuwanninmu daga baya. Ba ya ruɓewa da wuri. Hausawa sukan ce kifi na ganinka mai jar koma, amma siririn lailan kifi ba ya ganinsa. Na biyu madatsun ruwa: an gama Tiga a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma yi na Tomas kusa da mu a shekarun 1970. Manomi ya zama masunci da rani.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Sauƙin kaya ya jawo zari. Waɗansu suna jan taru mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, suna kwashe 'ya'yan ƙarfasa tun ba su yi ƙwai ba. Waɗansu sun zuba Gammalin 20 a ruwan da mutane da shanu suke sha. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta hana guba, ta kuma hana raga wadda idonta bai kai inci 3 ba.

Kowane manomi ya san ba a cinye iri. Shawararmu ita ce, idan ƙungiya za ta sayi raga, a tafi da ma'auni kasuwa. A zauna da sarkin ruwa a tsai da lokacin hutun ruwa da damina, sa'ad da kifi yake hayayyafa. Tsofaffin komaye kuma kada a yar, a nuna wa yara.