Wa ya Mallaki Jagorar Manhajar da Na'ura ta Rubuta?

Jagorar manhaja ita ce rubutun da ke bayyana yadda ake amfani da manhajar waya ko ta kwamfuta. A yau na'ura kan rubuta irin wannan bayani da kanta, ta kuma fassara shi. Alal misali, Google Translate ya shigar da Hausa tun 2013. Ɗan canji a Sabo, unguwar Hausawan Ibadan da aka kafa a 1916, zai iya dogara da irin wannan Hausar kafin ya tura kuɗi ta waya. To, wa ya mallaki rubutun?

Dokokin ƙasashe sun sha bamban. A Amurka, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2025 cewa aikin da na'ura kaɗai ta ƙirƙira ba shi da haƙƙin mallaka. A Ingila kuwa, dokar 1988 ta ba wanda ya tsara aikin na'urar haƙƙi na shekara 50. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta sanya fassara cikin abubuwan da sai da izinin mai asalin aiki.

Saboda haka, ɗalibin Hausa da aka ba aikin gyara fassarar na'ura ya fara duba lasisin asalin jagorar. Idan irin na Wikipedia ne, wato CC BY-SA, yana iya fassarawa ya yaɗa, muddin ya ambaci marubutan kuma ya saki nasa bisa lasisin nan. Idan babu lasisi, sai ya nemi izini a rubuce kafin ya sa hannu.