Sammore: Me ya sa masana ke auna makaman ƙwayar cutar?

Nama da nonon da ake sayarwa a kasuwar birnin Zariya sun dogara ne ga lafiyar shanun makiyaya, kuma cutar sammore, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, tana cikin manyan abubuwan da ke kassara su.

Har yau babu allurar rigakafin cutar. Makiyaya na dogaro ne da magunguna irin su Berenil da Samorin, waɗanda aka fito da su tun shekarun 1950 da 1960, kuma a wurare da dama ƙwayar cutar ta fara jure musu.

Sauya riga

Idan cuta ta shiga jini, jiki yakan ƙera sojojin kariya da masana ke kira antibodi. Kowane ɗayansu siffa guda tak yake ganewa, tamkar makulli da kwaɗonsa.

Ƙwayar sammore kuwa tana lulluɓe da rigar furotin da take sauyawa a kai a kai. Kafin jiki ya gama shirya wa riga ɗaya, wasu ƙwayoyin sun sanya wata.

Wannan ne ya sa masu bincike suka karkata ga makaman da ƙwayar ke yin ɓarna da su, waɗanda ba sa sauyawa kamar rigar.

Rawar farar wuta

Ana gina furotin ne da tubala iri 20 da ake kira amino asid. Biyu daga cikinsu, wato metiyonin da sisteyin, suna ɗauke da farar wuta.

Ƙwayar sammore na da wani sinadari mai suna kongofen wanda ke datsa furotin ɗin jikin dabba, kuma farar wutar da ke cikin sisteyin ita ce kaifin wannan wuƙa.

A farkon shekarun 1990, masana a Nairobi sun gano cewa shanun Ndama, marasa tozo, waɗanda ke jure sammore, sun fi shanu masu tozo ƙera antibodi a kan wannan sinadari.

A wani gwajin da aka wallafa a 2001, shanun da aka yi wa allura da shi sun kamu da cutar, amma ba su rame kamar sauran ba.

Gudummawar Zariya

A Jami'ar Ahmadu Bello an bi irin wannan hanya ta wata ƙofa. Farfesa King Esievo da marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok sun yi nazarin sinadarin siyalides, wanda ke kankare rufin jajayen ƙwayoyin jini, sai jiki ya ɗauke su a matsayin lalatattu ya kawar da su. Daga nan ƙarancin jini ke farawa.

Aikin Farfesa Nok kan wannan sinadari ya sa ya samu kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG a 2009. Ya rasu a 2017.

Manufar duka binciken biyu ita ce a samu allurar da za ta bar saniya da ƙarfinta da nononta, ko da ƙwayar na cikin jininta. Wannan na da muhimmanci a Arewa, inda akasarin garkunan na shanun Bunaji ne masu tozo.

Tunda allurar ba ta kai kasuwa ba, shawarar likitocin dabbobi ita ce a gwada jini kafin ba da magani, a cika ma'auni, sannan a nisantar da garke daga kurmin bakin rafi inda tsando ke fakewa.