Tutar Togo a Zangon Lome: Ɗaga Ta da Kula da Ita

Zango, ko Zongo kamar yadda mutanen Togo da Gana suke faɗa, shi ne unguwar da fatake Hausawa da sauran baƙi Musulmi suke sauka a garuruwan kurmi. Tsohon Zangon Lome a tsakiyar gari yake. A shekarar 1977 gwamnati ta rushe shi, aka mai da mutanensa bayan gari, kimanin kilomita 15 arewa, inda ake kira Agoe-Zongo yanzu. Da yawa daga cikinsu a Togo aka haife su, ko da yake suna da dangi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi. Ga mutanen da aka daɗe ana yi musu kallon baƙi, tutar da ke ƙofar makaranta ko kanti ba ado ba ce kawai. Maƙwabta suna kallon yadda aka riƙe ta, kuma daga nan suke auna yadda mai gida ya ɗauki ƙasar.

Tuta ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. A jihadin da ya fara a 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba da tutoci ga shugabanni irin su Yakubu na Bauchi da Buba Yero na Gombe da Modibbo Adama. Wanda ya karɓi tuta ya karɓi amana ke nan, ba zai bar ta ta faɗi ba. Yawancin ladubban tutar ƙasa daga irin wannan tunani suka fito.

An fara ɗaga tutar Togo ta yanzu ranar 27 ga Afrilu 1960, ranar da ƙasar ta sami mulkin kai daga Faransa. Wani mai zane ɗan ƙasar, Paul Ahyi, shi ya tsara ta. Tana da layi biyar a kwance, kore uku da rawaya biyu, sai jan murabba'i a kusurwar sama ta wajen sanda, da farin tauraro mai tsini biyar a cikinsa.

A nan kuskure ya fi faruwa. Layin sama kore ne, na ƙasa ma kore ne, saboda haka idan yaro ya ɗaura igiya da gaggawa ba zai gane ya juya tutar ba. Jan nan shi ne abin lura: dole ya kasance a sama, kusa da sanda. Idan a bango za a manna ta, jan ya zauna a sama ta hagun mai kallo. Tauraron ma tsininsa ɗaya ya dubi sama. Juya tuta ba ƙaramin abu ba ne, domin a al'adar masu jirgin ruwa alama ce ta neman agaji, wasu kuma kan yi haka da gangan don nuna fushi da hukuma. Mai kantin da ya yi shi bisa kuskure zai sha bayani kafin a yarda da shi.

A makarantun Togo ɗalibai kan yi sahu da safe, a ja tuta sama ana rera taken ƙasa. Mai tafiya ya tsaya, mai magana ya yi shiru, har sai ta kai ƙarshen sanda. Da yamma ana sauke ta a hankali, mutum ɗaya yana sakin igiya, wani yana tarbe ta da hannu don kada ta taɓa ƙasa. Barin ta ta kwana a waje cikin duhu da raɓa sakaci ne, kuma yana rage mata kwana.

Idan ƙasa tana makoki, akan sassauto da tuta zuwa rabin sanda. Togo ta yi zaman makoki na kwana uku a Janairun 2010, bayan harin da aka kai wa motar 'yan ƙwallonta a Kabinda ta Angola. Ƙa'idar ita ce a kai ta sama tukuna, sannan a sassauto. Haka ma da yamma, a mai da ita sama kafin a sauke. Tutar Saudiyya ita kam ba a sassauto da ita, saboda kalmar shahada da ke jikinta. Ta Togo ba ta da wannan togaciya.

A Zango akwai 'yan Nijar da Nijeriya da Gana da Mali, kuma in ana taro ko wasan ƙwallo kowa yana so a ga tutarsa. Babu laifi. Sai dai kowace da sandarta, tsayinsu ɗaya, girmansu ɗaya, ba a ɗora wata bisa wata. Ta Togo ita ce uwar gida: ita ake fara ɗagawa, ita ce kuma ta ƙarshe a sauka.

Iskar Lome ba ta raga wa ƙyalle. Gishirin teku da ruwan damina da ƙurar hunturu sukan sa jan ya koɗe, rawayan ya koma kamar toka, kuma bakin da ke kaɗawa shi yake fara zarewa. A wanke ta da hannu, a shanya a inuwa, a kai wa tela ya kama bakin tun bai yi nisa ba, sannan a linke ta a ajiye inda danshi da gara ba za su kai ba. Ba a shimfiɗa ta a tebur a jera kaya, ba a yin rumfa da ita. Wadda ta tsufa har ba ta gyaruwa, ba a yin tsumma da ita ko a jefa a bola. Akan ƙone ta a keɓe ko a binne ta, kamar yadda ake yi wa tsohuwar takarda mai rubutu.