Yadda Za Mu Reni Yara Masu Dabara

'Yan'uwa manoma, mun sha jin kukanku cewa yara suna fitowa daga makaranta da hadda cike da kai, amma in wata matsala ta taso a gona sai su yi tsuru-tsuru. To, mu sani dabara ma koyonta ake yi, kamar yadda ake koyon huɗa.

Tun cikin shekarun 1950 wani masanin tunanin ɗan Adam a Amurka, mai suna Guilford, ya nuna cewa tunani iri biyu ne. Akwai mai neman amsa guda, kamar bakwai sau takwas. Akwai kuma mai rassa, wanda ke fito da amsoshi da yawa ga tambaya ɗaya. Jarrabawa ta fi auna na farkon, amma na biyun ne ke haifar da sabon abu. Kafin shi, a 1926, Graham Wallas na Ingila ya ce sabuwar dabara takan bi matakai huɗu: a tattara sani, a bar abin ya kwana a rai, haske ya zo, sa'an nan a gwada a gani.

Ga misali daga ƙasarmu. Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya tashi a gidan maginan tukwane. Kowa ya san randa tana sanyaya ruwa. Shi kuwa ya koyi dalilin a makaranta: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, in yana bushewa, yakan tafi da zafi. Sai ya haɗa sanin gida da na aji. Cikin shekarun 1990 ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 sai ya kai kwana 27. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex.

Yaya za mu samu irinsa a ƙauyukanmu? Malamai su riƙa yin tambaya mai amsoshi da yawa, misali, "Me da me za a iya yi da karan dawa?" Kada a yi wa yaro dariya ko tsawa don amsarsa ta zo baƙuwa, gama wanda aka kunyata ba ya sake ɗaga hannu. A ba shi lokaci, ko da sai gobe zai kawo amsa. A kuma ware masa kunya biyu a lambun makaranta ya gwada abin da ya zo masa a rai. In bai yi ba, a zauna tare a binciki dalili.

Mu iyaye ma da namu aikin. In yaro ya ce, "Baba, don me muke yin haka?" mu ba shi amsa. A taron ƙungiya mai zuwa, mu gayyaci malaman makarantarmu mu tattauna wannan magana.