Laifin Tunani na Uku

A ƙasar Sin, idan yaro ya so yin gaggawa, manya kan ce masa ya yi tunani sau uku kafin ya ɗaga ƙafa. Da yawa sun ɗauka nasihar Konfushiyas ce. Amma wanda ya buɗe babi na 5 na littafin zantukansa, Lunyu, zai tarar da akasin haka. Ɗabi'ar wani wazirin ƙasar Lu ce, Ji Wenzi, kuma da malamin ya ji labarinsa sai ya nuna sau biyu ma ya isa. To me mai taka-tsantsan ya yi masa?

Ba tsohuwar gaba ba ce. Ji Wenzi ya rasu a shekarar 568 kafin haihuwar Annabi Isa, Konfushiyas kuwa sai 551 aka haife shi.

Ba handama ba ce kuma. Littafin tarihi na Zuozhuan ya ce bayan ya yi wa sarakuna uku hidima, aka tarar babu mace mai sa siliki a gidansa, babu dokin da ake ba hatsi, babu zinariyar da ya ɓoye. Zulluminsa ma kan yi rana: a 621, da za a aike shi ƙasar Jin, sai ya nemi a koya masa ladubban jana'izar sarauta. 'Yan rakiya suka yi mamaki. A shekarar nan sarkin Jin ya mutu.

Bakin zaren yana 609. Sarkin Lu ya rasu, wani basarake, Xiangzhong, ya kashe 'ya'yan uwargida biyu, ya ɗora ɗan ƙwarƙwara a gadon sarauta. Mai dogon tunanin nan ya yi gum. Da shekara ta zagayo, shi da kansa ya kai toshiya ƙasar Qi don a amince da sabon sarki.

A nan Zhu Xi, babban mai sharhi na ƙarni na 12 bayan haihuwar Annabi Isa, ya kama shi, yana bin malami Cheng Yi: a tunani na biyu mutum ya riga ya san daidai, na uku kuwa son zuciya ne ke shigowa. Ni dai na fi ganin lissafi a nan fiye da tsoro, domin gidan Ji bai yi asara ba. Ƙarfinsa ya yi ta ƙaruwa, har a 517 sarkin Lu, Zhao, ya kai wa gidan hari, aka fatattake shi, ya mutu a gudun hijira. Konfushiyas yana da shekara 34 lokacin da aka yi wannan.