Wayar da ke Karanta Maka Rubutun da Ba Ka Iya Ba

Duk wanda ya taɓa sauka birnin Guangzhou na ƙasar Sin domin saro kaya ya san yadda karatun mutum ke ƙarewa a bakin ƙofar filin jirgi. Alaramma ne kai ko mai digiri, da ka ɗaga kai ka dubi alluna sai ka ji ka koma ɗan kotso, babu baƙi ɗaya da za ka iya ɗora wa wasali. A da, 'yan kasuwarmu da ke sauka a unguwar Xiaobei sai sun nemi tafinta, su biya shi, su kuma yi ta fatan kada ya haɗa baki da mai kaya. Yau mutum zai zaro waya, ya saita kyamara a kan kwali, kafin ƙiftawar ido Sinanci ya ɓace, Turanci ko Hausa ya zauna a gurbinsa, da launinsa da girmansa, kai ka ce haka aka bugo shi daga masana'anta.

Abin bai daɗe ba. A watan Disamba na 2010 wani ɗan ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Quest Visual, wanda Otavio Good ya kafa, ya fitar da manhajar Word Lens a wayar iPhone. Tsakanin Turanci da Sifaniyanci kaɗai take aiki a lokacin, kalma bayan kalma, amma mutane suka riƙe baki don mamaki. Google ya saye kamfanin a 2014, a farkon 2015 kuma ya zuba fasahar cikin Google Translate, wanda tun ƙarshen 2013 ya shigar da Hausa cikin harsunansa tare da Yarbanci da Ibo. A 2019 aka faɗaɗa aikin kyamarar har ta iya gane harshen da ke gabanta da kanta, ta kuma juya shi zuwa harsuna fiye da 100. Apple ma ya shigo da nasa a 2021.

Abin da ido ke gani kamar aiki ɗaya, ayyuka ne jere. Wayar kan fara laluben inda rubutu yake a cikin hoton, ta bambanta shi da ganye, tagar shago ko zanen atamfa. Sai ta karanta baƙaƙen. Injiniyoyin Google sun bayyana yadda suka koya wa na'ura wannan: sun ƙirƙiri baƙaƙe masu ɗimbin yawa a kwamfuta, suka ɓata su da gangan da datti da ƙyalli da karkata, domin rubutun titi ba ya zuwa tsaf kamar na littafi. Idan ta ɗauki harafin S a matsayin lamba 5, sai ta duba ƙamus ta zaɓi kalmar da ta fi kusa. Daga nan a fassara, a goge rubutun asali da launin da ke kewaye da shi, a rubuta sabon a kai.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne ya fi burge mutane, kuma a ganina shi ne ya fi haɗari. Tafinta ɗan Adam in ya rikice za ka gani a fuskarsa, zai sosa ƙeya, ya ce bari in sake tambaya. Waya ba ta sosa ƙeya. Fassarar da ta dace da wadda ta kauce hanya duk da kyakkyawan rubutu ɗaya take kawo maka su, a kan kwalin da ka yarda da shi, bayan ta rufe maka asalin da za ka iya nuna wa wani.

Kuma wani kuskuren ba daga karanta baƙi yake ba, daga al'ada yake. A shagunan Sin idan aka rubuta lamba 8 tare da alamar rangwame, ba kashi takwas aka sauke maka ba, ba kuma tamanin ba: ana nufin ka biya kashi 80 cikin ɗari na kuɗin. Ma'auninsu da ake kira jin rabin kilo ne. Kayan abincinsu kuwa galibi ranar da aka yi su ake bugawa, shekara a gaba, sannan wata, sannan rana, a wani gefen kuma a faɗi watannin da za su iya yi ba su lalace ba. Mai neman ranar ƙarewar wa'adi kamar yadda ya saba a gida zai iya zubar da kaya lafiyayyu, ko ya sayi waɗanda suka riga suka wuce, alhali wayar ba ta yi masa ƙaryar ko kalma ɗaya ba.

Alhazai suna da nasu tarkon. Yawancinmu muna karanta Larabcin Alƙur'ani, amma Larabcin takardar asibiti da na allon tashar jirgin ƙasa a Madina wani abu ne daban, nan kyamara takan yi rana ƙwarai. Sai dai lambar biyar ta Larabawa da sifirin boko ta yi kama, sifirinsu kuwa ɗigo ne kawai, wanda ƙura ko lanƙwasar kwalba kan iya haɗiyewa. A kan farashin dabino wannan abin dariya ne. A kan adadin ƙwayar maganin hawan jini kuwa, gara mutum ya koma wurin mai kantin maganin ya nuna masa da yatsa.

Hausa ita ma tana da nata rabon wahala. Na'urorin fassara daga tarin rubuce-rubucen da mutane suka riga suka fassara suke koyo, kuma abin da Hausa ta tara a intanet bai kai cikin cokalin na Faransanci ba, mafi yawansa ma da Turanci aka haɗa shi. Shi ya sa Hausar da ke fitowa daga Sinanci ko Turkanci sau da yawa take warin Turanci. Ga kuma lanƙwasa. Ɗan ƙugiyar da ke kan ƙ shi ya raba baƙi da baki, ya raba ƙasa da kasa, kuma a hoto mai duhu shi ne farkon abin da ke ɓacewa. Mu ma dai, a gaskiya, ba mu taimaka ba, tunda rabin allunan shagunan Kano da Maraɗi babu lanƙwasar tun daga hannun mai fenti.

Ajami kuwa sai a hankali. Nuna wa waya wasiƙar kakanka, za ta ɗauka Larabci ne ta kawo maka shirme. Rubutun allonmu na Warshu ɗigo ɗaya yake sa wa ƙaf a sama, ya sa wa fa ɗigonta a ƙasa, na'urar da ta saba da bugun Masar da Lebanon kuwa duk inda ta ga ɗigo ɗaya a sama fa za ta karanta.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. Idan wayar tana kan intanet, hoton da ka ɗauka na iya tafiya zuwa kwamfutocin kamfanin domin a sarrafa shi. Jerin abincin gidan cin abinci ba komai, amma fasfo, takardar banki ko yarjejeniyar kwantena ba abin aika wa baƙo ba ne. Wanda ya sauke harshen da yake buƙata a wayarsa tun kafin ya bar gida zai iya aiki da kyamarar ko babu data, ko da yake kyawun fassarar kan ɗan ragu. Wannan ya fi muhimmanci ga mai zuwa Sin, domin tun 2022 Google ya rufe hidimar fassararsa ta cikin ƙasar, kuma mazauna can da manhajojin gida irin su Baidu da WeChat suke amfani.