Doki da Ruwan Damina a Kudancin Kano: Barga da Rigar Ruwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin riga marar nauyi da a ke sa wa doki don ta tsare shi daga ruwan sama sa'ad da aka sake shi a makiyaya. Wannan takarda ta duba yadda a ke yin rigar, da yadda ta ke hana ruwa shiga, sa'an nan ta gwada ta da hanyar da masu dawaki na Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa su ka gada wajen tsare dabbobinsu da damina. Tambayar ita ce, ko abin da aka yi don sanyin Ingila zai yi daidai da zafin Agusta a ƙasar Kano?

1. Ƙasar da ruwanta

Waɗannan gundumomi huɗu suna kudu da birnin Kano, ta fuskar Zariya da Jos. Doguwa ita ce ta can ƙarshe, inda duwatsun Riruwai su ke, da babban yanki na dajin Falgore. Kogin Kano ya ratsa dajin nan ya gangaro Tiga cikin ƙasar Bebeji, inda aka gama gina madatsar ruwa a 1974. Ko'ina cikin Jihar Kano babu inda ya kai wannan yanki samun ruwan sama. Abin da birni ya ke samu a shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, amma a wajen Doguwa ya kan wuce haka. Ruwa ya kan sauka tun cikin watan Mayu, ya yi ƙarfi cikin Yuli da Agusta, ba ya ɗaukewa sai wajen Oktoba.

Irin ruwan ma abin lura ne. Hadari ya kan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na sa'a ɗaya ko biyu, sa'an nan gari ya washe, rana ta buɗe, ƙasa ta yi ta tururi. Cikin Agusta kuwa a kan sami marka, a wuni ana yayyafi, laima ta cika iska har tufa ta kwana a kan igiya ba ta bushe ba. Amma duk da haka sanyi ba ya tsananta. Wannan shi ne babban bambanci tsakanin daminarmu da ta Ingila, inda ruwa da sanyi da iska su ke haɗuwa wata da watanni.

2. Yadda aka saba tsare doki

Bahaushe ba ya sakin dokinsa ya kwana a daji. Galibin dawakin hawa ingarmu ne, ba su zama wuri ɗaya ba faɗa, saboda haka ko wane yana da turkensa. Da damina kuwa dalili ya ƙaru, domin ƙasa duk ta zama gona, wanda ya saki dabba ta shiga dawar wani sai gaban dagaci. Sai a ɗaure doki a barga, waɗansu su ce muri, a yanko masa ɗanyar ciyawa safe da yamma, a ba shi dawa da dusa da kanwa. Harawa da ingirici sai da rani. A gidan sarauta wannan aiki ne mai muƙami, don a Kano Shamaki shi ne mai kula da dawakin Sarki.

A zamanin da, aikin doki na rani ne. Yaƙi da fatauci duk sai an yi girbi, hanyoyi sun bushe, rafuka sun janye. Bebeji tsohon zango ne a kan hanyar Zazzau, ta nan ma rundunar Turawa ta bi ta ci garin a farkon Fabrairu 1903 kafin ta isa Kano, watau tsakiyar rani. Da damina doki hutawa ya ke yi yana ƙiba.

Don haka cikin kayan doki na Hausa, duk da yawansu, babu wanda aka yi musamman don ruwa. Zubuka don kada sirdi ya ji wa baya ciwo ne. Jalala da suka-dubu don ado ne. Lifidi, wanda Tarihin Kano ya ce ya shigo a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, don kibiya da mashi aka yi shi. Mutum shi ne ya ke da kabido na kaba da malafa in ruwa ya tare shi a hanya. Rigar ruwan doki ita ce jinka. Maginin da ya san aikinsa ya kan toshe barga ta gabas inda hadari ke bugowa, ya bar ta a buɗe ta inda iska za ta ratsa, ya ɗaga daɓen ya zuba yashi don fitsari da ruwa su tsiyaye. Da almuru a kan hura wuta a yi hayaƙi don korar sauro da ƙudaje.

3. Abin da ruwa ke yi wa doki

Lafiyayyen doki ruwan sa'a ɗaya ba ya cutarsa. Fatarsa tana fitar da wani maiƙo da ke bin gashi, gashin kuma ya kwanta bisa juna kamar ciyawar jinka, ruwa ya bi ta kai ya zuba. Shi ya sa yawan wanke doki da sabulu ba alheri ba ne da damina, don yana ɗebe maiƙon nan.

Abin tsoro shi ne fata ta daɗe a jiƙe. In ta jiƙa ta yi laushi kwana da kwanaki, sai ƙwayar cutar da makiyaya su ke kira kirci ta sami ƙofa. Masana sun fara bayyana wannan ƙwaya a shanun ƙasar Kwango a 1915, suna kiranta Dermatophilus congolensis, tana kama shanu da tumaki da awaki da dawaki. A jikin doki ta kan fito a gadon baya da ƙugu, inda ruwa ke sauka. Gashi ya cure ya yi ɓawo, in aka ɓamɓare sai ya fita tare da gashin, ya bar ɗanyen miki. Cizon kaska da na ƙuda suna taimakonta, haka kuma duk abin da ya goge fata. Dokin da bayansa ya yi miki kuwa ba ya ɗaukar sirdi, ko da ranar Salla ce. Ƙafa ma tana da nata rabo, domin dokin da ya daɗe tsaye cikin taɓo da kashi cikin kofatonsa ya kan ruɓe ya yi wari.

To, a nan ne maganar ta ke. Ƙwayar kirci ba ta bambanta ruwan sama da gumi ba. Danshi da ɗumi ta ke so, ko daga ina su ka fito.

4. Yadda a ke yin rigar ruwa

Rigar farko da ta shahara a Turai ana kiranta da sunan ƙasar Niyu Zilan. Da tamfol mai kauri na auduga ko na rama a ke yinta, a shafa masa kaki, a yi mata shafi da ulu. Zaren tamfol in ya jiƙa ya kan kumbura ya toshe kafofin saƙar, amma rigar ta kan yi nauyi ƙwarai, ba ta kuma saurin bushewa. Tun 1823 wani mutumin Sikotilan, Charles Macintosh, ya gano hanyar haɗa tufa da danƙon roba, sai dai tufar da aka yi haka ba ta barin gumi ya fita. Da aka ƙago zaren nailan a Amurka cikin 1935, daga baya kuma foliyesta, sai aka sami tufa mai ƙarfi marar nauyi. Cikin shekarun 1980 rigunan irin wannan zare su ka fara ture na tamfol.

Rigar yanzu hawa uku gare ta. Na waje saƙa ce ta nailan ko foliyesta. Ana auna kaurin zarenta da ma'aunin da a ke kira diniya, watau nauyin zare mai tsawon mita 9,000 a giram. Mai diniya 600 ita ce ta yau da kullum, mai 1,200 ta fi jure ƙaya da cizo. Amma fa wannan lamba ƙarfin tufa ta ke nunawa, ba tsare ruwa ba, mai saye ya kan ruɗe a nan. Abin da ke tsare ruwa shi ne hawa na biyu, wani siririn shafi na danƙon roba da a ke yi wa saƙar ta ciki. Na uku shafi ne mai santsi don kada ya tsinke gashi. Rigunan sanyi a kan cusa musu abin ɗumi, giram 200 ko 300 ko fiye a ko wane murabba'in mita. Marar nauyi babu kome cikinta, ko kuwa giram 50 zuwa 100 kurum. Ban da wannan a kan fesa wa bayan rigar wani magani da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangara.

Ga yadda a ke gwada ta. A kan ɗaure tufar a gindin bututu, a yi ta ƙara ruwa har ya fara tsattsafowa ta ƙasa. Tsawon ruwan a sa'an nan shi ne ƙarfinta. Rigunan dawaki da yawa a kan rubuta musu milimita 3,000, watau ruwa mai tsawon mita 3. Duk da haka ruwa ba ta tsakiyar tufa ya ke fara shiga ba. Ta hujin allura ya ke bi, shi ya sa a ke manna wa ɗinki ƙyalle mai danƙo ta ciki, rigar kirki kuma ba a yi mata ɗinki a gadon baya. Sauran ƙofofinsa su ne wuya, da ƙirji, da gindin wutsiya.

Ma'auni na biyu shi ne na fitar gumi. Shafin nan an yi shi yadda ɗigon ruwa ba ya ratsa shi, amma tururi yana ratsawa. A kan rubuta, misali, giram 3,000 a murabba'in mita cikin sa'a 24, watau lita 3 a yini da kwana. Alhali kuwa dokin da ya yi sukuwa cikin zafi ya kan zubar da gumi lita 10 ko fiye cikin sa'a guda. Har wa yau tururi ba ya fita sai in iskar waje ta fi ta ciki bushewa da sanyi. In bayan rigar ya jiƙa sharkaf ko ya cika da taɓo, hanyar ta toshe.

5. Amfaninta a kudancin Kano

Daga wannan bayani za a ga inda matsalar ta ke. A Ingila iskar waje sanyi gare ta, doki ba ya gumi, riga tana aikinta. A Tudun Wada cikin Agusta iska tana da ɗumi, ta kuma ƙoshi da laima, saboda haka gumin da ya taru a ƙarƙashin riga ba shi da wurin zuwa. Da rana ta buɗe bayan hadari sai doki ya shiga dahuwa, ya jiƙe daga ciki fiye da yadda ruwa zai jiƙa shi daga waje. Leda da tamfol na roba da waɗansu ke yafa wa dabba sun fi muni, don ko kaɗan ba su fitar da tururi. Buhun algarara yana shan gumi, amma yana shan ruwan sama, in ya jiƙa sai a cire shi nan da nan.

Duk da haka akwai inda rigar za ta yi rana. Na ɗaya, lokacin hawan Salla. Shekarar Hijira tana gaza ta Turawa da kwana 11, don haka Salla tana kewaya rani da damina cikin shekara 33. Ƙaramar Salla ta 2012 da ta 2013 cikin Agusta aka yi su, haka Babbar Salla ta 2018 da ta 2019. Bisa al'ada hakimai su kan kai dawakinsu birni don hawa, al'adar da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin abubuwan gado na duniya a Disamba 2024. A masauƙi doki ya kan kwana biyu ko uku a turke ba rumfa, ko ya yi tafiyar sa'o'i a buɗaɗɗiyar mota iska na dukansa. Na biyu, tsohon doki, da ramamme, da marar lafiya, waɗanda ruwan dare da iska ke sa su rawar ɗari. Ga irin waɗannan riga marar abin ɗumi a ciki ta isa.

Wanda zai yi amfani da ita sai ya kiyaye waɗansu sharuɗɗa. Kada a sa ta a kan dokin da ya jiƙe ko ya ke gumi, sai an goge shi ya bushe. A sa ta in hadari ya haɗu, a cire da zarar ruwa ya ɗauke. Kada dawaki biyu su yi tarayya a riga ɗaya, don ɓawon kirci yana manne wa tufa. Ɗan barga ya riƙa cusa hannu ta kafaɗa yana ji: in danshin ya bi layin ɗinki, yoyo ne, in ya game jiki da ɗumi, gumi ne, sai a tuɓe. Wajen wanki a yi da ruwan sanyi da buroshi, ban da sabulun gari, don yana cinye maganin da aka fesa. A shanya a inuwa, domin rana tana ƙona zaren. Kada a naɗe ta da laima a ajiye cikin ɗaki mai zafi, shafin zai yi danƙo ya sassaɓe, ga kuma ɓera.

Mai doki a waɗannan gundumomi in kuɗinsa na abu ɗaya ne, ya fara da gyaran jinkar barga tun kafin ruwa ya sauka, da ɗaga daɓe, da cire kaska, da duba kofato kullum. Bayan waɗannan sun kammala, rigar ruwa ta zama guzurin tafiya, a ajiye ta tare da sirdi don ranar da doki zai kwana a waje.